Tuƙin Akori-kura a Hannun Kawu

A ƙasar Funtuwa ta shekarun 1980, akori-kura ce ke riƙe da kasuwannin ƙauye. Tirela da sauran manyan motoci iyakarsu bakin kwalta. Wadda ke kutsawa lungu ta kwaso masara da dawa da auduga daga yankin Ɗandume da Sabuwa da Faskari, ko tumatir da rake daga Ɗanja, ta fito da su inda babbar mota za ta same su, ita ce wannan 'yar mota mai buɗaɗɗen baya. Abu biyu ne suka haɗu suka ba ta wannan matsayi. A 1975 aka soma shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin ukun farko a ƙasar nan, tare da na Gusau da na Gombe. Shirin ya kawo takin zamani da ingantaccen iri, ya yanka hanyoyin burji zuwa ƙauyuka, masara ta shiga gonakin da a da aka fi saninsu da dawa da gero da auduga, amfani ya taru a ƙasa yana jiran mai ɗauka. A wannan shekarar ce kuma kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri, cikin Kaduna. Nan da nan fijo ta cika tasha, 404 da farko, 504 daga baya, har ya zama ba garin da za ka shiga ka rasa bakaniken da ya san cikinta.

Ta Kawu, ƙanin mahaifiyata, 404 ce. Sandar giyarta a jikin sitiyari take, ba a ƙasa ba, shi ya sa mutum uku ke zama a gaba ba tare da gwiwar wani ta tokare direba ba. Giya huɗu ce ta gaba, sai ribas. Injinta na fetur ne mai lita 1.6, ƙafafun baya ke tura ta, sitiyarin kuma da ƙarfin damtse ake murza shi. Nauyin da aka ƙera ta ta ɗauka bai wuce tan guda ba, wato buhun masara goma mai kilo 100. Injin ƙaramar mota ne aka ɗora wa aikin babba. Duk giɓin da ke tsakanin ƙarfinsa da nauyin da ke kansa, direba ke cike shi da giya da ƙafa da kunne.

Na fara bin ta ina karen mota a hutun makarantar sakandare. Aikina waigi, wato katakon tokare taya, da igiya da tamfol da jarkar ruwa, da wanke mota bayan sallar asuba. Sitiyari kuwa ko maganarsa ba a yi. Kawu a kan babbar mota ya koyi tuƙi, tun ana bin hannun hagu sitiyari yana dama, kafin ranar 2 ga Afrilu 1972 da Nijeriya ta koma hannun dama. Ya ce shi ma ya daɗe yana ɗaukar waigi kafin maigidansa ya bar shi ya taɓa makulli, kuma bai ga dalilin da zai yanke mini hanya ba. Har yau ina bayansa a kan wannan. Yaron da ya sha gudu da waigi a gefen mota mai ja da baya a kan tudu ya riga ya san nauyinta a jikinsa tun kafin ya zauna a kujera.

Ba ya sa makulli sai ya zagaya ta. Ya duba ruwan lagireto da baƙin mai da man birki, ya danna fanbel da babban yatsa, ya bubbuga kowace taya da sifana yana sauraron amonta, ya gwada notinan. Sannan ya shiga ya yi bisimilla, ya tayar, ya bar injin ya ɗumama, ya taka birki ya riƙe. In ya ji ƙafarsa na nutsewa a hankali, to ranar ba tafiya, ko kasuwar ina ke ci.

Ranar da ya yarda in zauna, filin idi ya kai ni, motar ba kaya. Ya ce, "Ɗauke ƙafar dama daga totur ka aje ta ƙasa. Yau ba ta da aiki." Na taka kuloci, na sa lamba ɗaya. Ya ce in riƙa ɗago ƙafar hagu kaɗan-kaɗan har in ji muryar injin ta sauya, gaban motar ya ɗan yi rawa. "Nan take kamawa. Tsaya nan, kada ka ƙara, kada ka rage." Motar ta fara jan jiki da kanta, ba wuta ko kaɗan. Da ta miƙe ya ce in sake gaba ɗaya. Muka yi ta maimaitawa har rana ta take. Ban shiga lamba biyu ba a ranar.

Abin da ke faruwa a ciki ba shi da wuyar ganewa. Tsakanin injin da giyabos akwai faifai guda, wanda bakanikai ke kira filet. In ƙafa ba ta kan kuloci, an matse faifan nan a jikin injin suna juyawa tare, babu abin da ke cinyewa. In an taka har ƙasa sun rabu, nan ma faifan ba ya cinyewa. Cin faifai a tsakiya yake, wurin da suke gugar juna, kuma wurin ne dole a bi duk lokacin da za a tashi. Don haka gwanin direba shi ne wanda ke wuce wannan tsakiyar cikin ɗan lokaci da wuta kaɗan. A wurin Kawu ƙafar hagu masauki biyu gare ta: ko tana danne da kuloci har ƙasa, ko tana kan daɓen mota. In ya ga na jingina ta a kai bayan na canza giya, sai in ji yatsansa a gwiwata, ba magana. A shingen 'yan sanda, ko inda muke jiran jirgin ƙasa na layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya wuce, firi yake sawa ya saki kuloci, domin riƙe shi a ƙasa ma yana cin boris ɗin da ke tura faifan.

Ƙaurin kuloci daban yake da na roba ko na waya, kuma wanda ya shaƙe shi sau ɗaya ba ya mantawa. In wani direba ya cika lodi a tasha ya tashi da ruri, ƙaurin ya biyo iska, sai Kawu ya girgiza kai ya ce, "Wancan kuɗin cefanensa yake ƙonawa." Maganar ta ƙara nauyi bayan 1986, da gwamnati ta shigo da tsarin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran mota suka yi tsada. Ga shi canza filet sai an raba injin da giyabos, aikin yini guda, kuma in yinin ya faɗa ranar kasuwa an yi asara biyu.

Allurar gudun motar ta daɗe da mutuwa, kuma bai damu ya gyara ba. Da kunne yake tuƙi. Ya koya mini cewa injin murya uku gare shi: in yana ihu, giyar ta yi masa kaɗan, a ƙara, in yana nishi jikin mota na karkarwa, giyar ta yi masa yawa, a rage, tsakanin su akwai wata murya mai daɗi, a nan ake zama. Nishin ya fi tsana. Direban da ke lamba huɗu da kaya a kan tudu yana ƙara danna totur ba ya samun gudu, zafi kawai yake tara wa injin, yana dukan cikinsa, har ruwan lagireto ya tafasa a tsakar daji. Shi ya sa rediyo ba ya aiki in muna da kaya, kuma in ya yi shiru a tsakiyar hira, fasinjan gaba ya san ba fushi ba ne.

Akwai wata ɗabi'a da ya taho da ita daga babbar mota, wato taka kuloci sau biyu in zai sauko da giya. Ya taka, ya fitar da ita zuwa firi, ya saki, ya ɗan ba da wuta, ya sake takawa, sannan ya sa ta ƙasa. Duk wannan cikin ƙiftawar ido. Giyabos ɗin 404 na da zobbai masu daidaita gudun haƙora da kansu, don haka sabuwa ba ta bukatar hakan. Amma zobban nan na cinyewa, kuma a tsofaffin motocin tasha lamba biyu ba ta shiga sai da ƙara mai tayar da tsikar jiki. Tasa ba ta taɓa yi ba, domin wutar nan da yake bayarwa a firi ita ke kawo gudun injin daidai da na giyar da zai shiga, zobban ba su da sauran aiki. Da yatsu yake tura sandar. Yakan ce giyar da ta ƙi shiga tana da dalili, kuma ƙarfi ba ya amsa dalili. Ribas kuwa sai mota ta tsaya cak.

Wurin lodi ne ake jin muryarsa. Ba ya zuwa shan shayi ya bar 'yan dako da 'yan kamasho su shirya masa kaya. Masu nauyi a jingine da kan mota, gaban ƙafafun baya. Marasa nauyi a baya da sama. Hagu da dama daidai. In nauyi ya zarce bayan tayoyin baya, hancin mota ɗagawa yake, sitiyari ya yi sakayau a hannu, birkin gaba ya rasa abin kamawa, fitilu su koma haska idon mai tahowa maimakon hanya. Yakan durƙusa ya leƙa sifirin. In ya miƙe sambal ya kusa taɓa robar da ke sama, sai ya ce a sauke buhu, ko mai kaya zai yi rantsuwa. Gaskiya shi ma yana wuce buhu goman nan, kamar kowa, domin da goma kawai kuɗin mota ba ya fita. An ƙara wa motar sifirin don ta jure. Amma yakan tuna mini cewa an ƙara mata abin ɗauka ne, ba a ƙara mata abin tsayawa ba.

Kowane kaya da halinsa. Auduga ba nauyi amma tana da tsawo, iska na kama ta, a kwana tana jan mota waje. Tumaki da awaki kan taru gefe guda in sun tsorata. Durom ɗin man gyaɗa da bai cika ba ya fi cikakke haɗari, domin in ka taka birki ka tsaya, man bai tsaya ba, sai ya zo ya bugi gaba. Mota mai kaya kamar mai ɗauke da tulu cike da ruwa a ka ce: ba ta juyawa da sauri, ba ta tsayawa farat ɗaya, kuma tun daga nesa take zaɓen inda za ta taka. Saboda haka birkinsa a miƙaƙƙiyar hanya yake gama shi kafin kwana, ya sa giyar da zai fita da ita, ya shiga ƙafarsa na kan totur a hankali. In zai wuce babbar mota, tun yana bayanta yake komawa lamba uku ya tara ƙarfi, kuma ba ya fitowa a kan tudu ko cikin hazon hunturu inda ba ya ganin ƙarshen hanyarsa.

Tudu ma a gindinsa yake yanke shawara. Ya dubi tsawonsa, ya tuna abin da ke baya, ya sa biyu ko uku tun ƙasa, ya riƙe wuta iri ɗaya har sama. Canza giya a tsakiyar hawa na nufin ɗan lokacin da injin ya rabu da taya, kuma da kaya a baya ɗan lokacin nan ya isa gudu ya ƙare. In dole ta sa aka tsaya, sai in ji, "Waigi!" In diro, in cusa katakon a bayan tayar baya, daga gefe, ba a taɓa tsayawa daidai bayan mota. Wajen tashi sai ya ja birkin hannu, ya kawo kuloci inda take kamawa, ya ƙara wuta har ya ji bayan motar ya ɗan zauna, sannan ya saki birkin. Ni kuma in fizge waigi, in bi ta da gudu in kama bodi. Riƙe mota a kan tudu da kuloci kawai, ana wasa da ƙafa tana gaba tana baya, a wurinsa ba gwaninta ba ce, ɓarna ce.

Saukar da ta fi zama a raina ita ce ta Hawan Kibo. Mun ɗauki dankalin turawa daga ƙasar Jos za mu kai Lafiya, mu dawo da doya. Jos na kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 daga teku, kuma bayan an wuce Riyom hanyar da ta nufi Akwanga na gangarowa daga kan dutsen nan cikin kwane-kwane, dutse a gefe ɗaya, kwazazzabo a ɗayan. Kafin gangarar Kawu ya sauka daga kwalta ya tsaya. Ya zagaya, ya ja kowace igiya, ya kai hannu kusa da kowace taya ya ji zafinta, ya taka birki ya riƙe. Sannan ya shiga, ya yi addu'a, ya sa lamba biyu, kuma bai sake taɓa sandar ba har ƙasa.

Injin ya ɗauki ihu. Ƙananan motoci na wuce mu fuu. Mai kayan, wani dattijo da ke zaune a gaba, ya daure ya daure, can ya ce, "Direba, injin nan ba zai fashe ba kuwa?"

Kawu ya ce, "Alhaji, gara shi ya yi kuka da a yi namu."

Dalilin a fili yake ga wanda ya san yadda birki ke aiki. Birki ba ya yin komai sai mayar da gudu zafi. A irin motocin nan, musamman a ƙafafun baya, kwanon ƙarfe ne ke juyawa da taya, laini na tokare shi daga ciki. In aka ɗora ƙafa a kai tun daga sama ana ja, kwanon zai yi zafi ya buɗe ya nisanci lainin, lainin ya yi santsi, man birkin kuma, wanda dama yana tsotsar laima in ya tsufa, ya tafasa ya zama tururi. Tururi kuwa matsuwa yake, ba ya tura komai. Sai direba ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa. A lokacin ne zai nemi ƙaramar giya, kuma a lokacin ne ba za ta shiga ba, domin gudun ya fi ƙarfinta. Ya fitar daga huɗu, biyu ta ƙi, ya rage a firi da tan biyu a bayansa. Gawarwakin motocin da muka riƙa hangowa a ƙasan kwazazzabo, da yawansu ta wannan hanyar suka isa can.

A lamba biyu injin ne ke riƙe motar, tayoyi ke juya shi yana turjewa. Birki taimako kawai yake. In gudu ya ɗan ƙaru, Kawu ya taka sosai, ya rage shi ƙasa da yadda yake so, ya ɗauke ƙafa gaba ɗaya ya bar ƙarfe ya sha iska. Dokar da ya ba ni a nan ita ce wadda direbobi suka gada daga juna: giyar da za ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka. Da muka kai ƙasa ya sa na kai hannu kusa da tayar baya. Ɗumi ne kawai. A gefenmu wani yaron mota na kwara ruwa a tayoyin da ke hayaƙi, Kawu ya yi masa magana ya bari, domin ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi na iya lanƙwasa shi ko ya tsaga shi.

Da wahalar man fetur ta yi tsanani a 1993 da 1994, galan na hannun 'yan bumburutu, sai wata ɗabi'a ta yaɗu a tasha: a sa firi a gangara, wasu har su kashe injin. Kawu ya yi faɗa da abokan sana'arsa a kan wannan fiye da komai. Man da ake tsimi bai taka kara ya karya ba. Abin da ake bayarwa a madadinsa shi ne riƙon injin. A motar da birkinta ke samun taimako daga injin, kashe shi na sa birki ya yi tauri bayan taku kaɗan, kuma in makulli ya zarce baya sitiyari na iya kullewa. Nasa tsimin a wani wuri yake: iskar taya daidai, filogi mai tsabta, matatar iska a kakkaɓe, da ɗauke ƙafa daga totur tun daga nesa in ya hango shinge ko garke, maimakon ya iso da gudu ya ƙona man a birki.

Damina na da nata karatun. Abin da baƙon akori-kura ba ya tsammani shi ne ta fi santsi in ba kaya, domin ƙafafun da ke tura ta ba abin da ke danne su. In za mu shiga ƙauye wayam, sai mun jefa buhunan yashi a kan ƙafafun baya. A laka da lamba biyu yake tashi, don ƙarfin ɗaya ya yi yawa, taya za ta kwashe. In ƙafa ɗaya ta fara juyawa a banza, ya san ɗayar ba ta samun komai, haka aksil ɗin baya ke raba ƙarfi, don haka nan take yake ɗauke ƙafa. Ƙarin wuta rami kawai yake haƙawa. Sai shebur, sai kara da rassa da duwatsu, sai a lallaɓa ta gaba da baya har ta hau. In mun iso rafi, ni ke naɗe wando in shiga in auna zurfi in taka ƙasan. In ruwan ya wuce gwiwa ko yana ja da ƙarfi, zama za mu yi ko da za a kwana. In ya yarda, lamba ɗaya, wuta iri ɗaya, ba taɓa kuloci a tsakiya, an ɗaure leda a kan abin da ke raba wuta ga filogi don kada ya jiƙe. Bayan fita ya yi 'yar tafiya yana goga birki har ya bushe.

Yashi kuma akasin haka yake so. A hanyoyin ƙauyen Jibiya da Kaita, da waɗanda suka tsallaka wajen Maraɗi, wanda ya yi sanyin jiki ya zauna. Kafin shiga sai mu rage iskar taya don ta baje, ya ɗauko gudu daga tsandauri, ya riƙe lamba biyu, ya bi sawun waɗanda suka riga shi, ba birki, ba murɗa sitiyari da ƙarfi, ba tsayawa sai inda ƙasa ta yi tauri. Ya fi son ƙetare shi da sassafe kafin rana ta sassauta shi. In an fita, famfon hannu na jirana.

Batir ba kullum yake da lafiya ba, don haka inda hancin mota zai kalli gangara yake ajiye ta, a cikin giya, da waigi. In ta ƙi tashi a tura: makulli a buɗe, lamba biyu, kuloci a ƙasa, in ta ɗauki gudu ya saki farat ɗaya, tana kamawa ya sake takawa. A lamba ɗaya tayoyin turjewa suke su ja ƙasa, masu turi su bugi bodi.

Akwai abin da ba zan yaba ba a sana'ar nan, kuma Kawu na ciki. Muna ɗaukar mutane a kan kaya. Ranar kasuwa za ka ga maza a jere a kan buhuna ƙafafu na reto a waje, mata da goyo a tsakiya, yara a maƙale da igiya. Ba don son wahala suke hawa ba. Motar ke nan guda da za ta bi ta ƙauyensu a ranar, wanda ya ƙi hawa ya taka da ƙafa. Kawu yakan sa tsofaffi da mata kusa da kan mota, ya hana zama a kan murfin baya, ya rage gudu, ya sa ni a sama in buga rufi in na ga wani ya fara gyangyaɗi. Duk da haka babu gwanintar da ke kare mutumin da ke zaune a kan buhu in tayar gaba ta fashe. Mun sha tarar da inda hakan ya faru, mun tsaya mun taimaka wajen kwashe mutane, kuma bayan irin wannan Kawu kan yi kwanaki ba ya cin abinci sosai. An kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa a 1988, an yi ta gargaɗi, amma har gobe ana hawa, domin abin da ke sa a hau, wato rashin wata motar da rashin hanya, yana nan a ƙauyuka da yawa. Duk lokacin da na ga irin lodin nan a hanya gabana faɗuwa yake.

Daga baya aikin gona ya haɗa ni da Hilux mai injin dizal da giya biyar, wadda ake iya sa ƙafafunta huɗu su ja. Mota ce mai ƙarfi, tana tashi da kaya ko ba a ba ta wuta ba, tana hawa tudun da 404 ke yi wa nishi. Tana da nata ƙa'idojin: a tsofaffin sai an sauka an murɗa makullan da ke tsakiyar tayoyin gaba kafin a shiga laka, ba bayan an kafe ba, kuma ba a barin ta a ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta, domin hakan na ɗaure mata ciki. Amma ƙarfin nan na ɓoye aibin direba. Yaro zai yi shekara yana jingina ƙafa a kan kuloci, yana hawa tudu a giyar da ba ita ba, motar na rufa masa asiri, har ranar da za a cika ta da taki a nuna masa doguwar gangara. Ƙafa huɗu na taimakon tafiya, ba ta ƙara komai wajen tsayawa.

In aka ce in gwada sabon direba a wurin aikinmu, ba na kai shi cikin gari. Nakan sa a loda buhuna, in tsaya in ga ko zai zo ya duba yadda ake jera su. Mu fita, ina kallon ƙafarsa ta hagu fiye da hanya. A tsakiyar tudu in ce ya tsaya, in sauka in aje gwangwanin madara a bayan tayar baya, in ce ya tashi. In gwangwanin ya tsira mu ƙarasa sama mu juyo, in yi shiru in ga giyar da zai sa kafin hancin motar ya sunkuya.